Doki Ɗaya da Taku 19: Nazarin Wasan da Kwamfuta Ta Kayar da Zakaran Duniya

Ranar Lahadi, 11 ga watan Mayu na shekarar 1997, a wani dogon bene da ke birnin New York na ƙasar Amurka, Garry Kasparov, zakaran duniya a wasan ces, ya zauna a gaban allo domin buga wasa na shida kuma na ƙarshe da wata kwamfuta ta kamfanin IBM mai suna Deep Blue. A ɗaya ɓangaren teburin wani injiniya ne yake zaune, aikinsa kawai ya dubi abin da na'urar ta zaɓa ya matsar da 'ya'yan wasan a madadinta. An riga an buga wasa biyar, kowane ɓangare yana da maki biyu da rabi. Ke nan wanda ya ci a wannan rana shi ke da gasar baki ɗaya, tare da ladan dala 700,000.

Wasan manyan gwanaye yakan ɗauki awa huɗu ko fiye. Wannan kuwa kimanin awa ɗaya ya yi. Bayan taku na 19 Kasparov ya miƙa wuya, ya tashi daga kujera. Wannan ne karo na farko da kwamfuta ta rinjayi zakaran duniya mai ci a cikakkiyar gasa bisa ƙa'idojin lokaci na manyan gasanni. Jaridun duniya sun ɗauki labarin a matsayin ranar da na'ura ta fi ɗan'adam tunani. Amma wanda ya shimfiɗa allo ya bi wasan sannu a hankali zai tarar da wani labari na daban, domin an yanke hukuncin wasan ne tun a taku na 7 da na 8, wato a cikin buɗin wasa, kafin kwamfutar ta fara nata lissafin.

Allo da mayaƙansa

Wasan ces ɗan'uwan dara ne ta fuskar cewa babu ƙuri'a ko sa'a a cikinsa, sai tunani. Asalinsa daga ƙasar Indiya ne, wajen ƙarni na 6, ya bi ta Farisa ya shiga ƙasashen Larabawa da sunan shaɗaranj, daga nan ya tsallaka Turai ta Andalus. Har a ƙasar Barno an san wani nau'insa mai suna tsatsarandi. A ƙarshen ƙarni na 15 ne aka gyara ƙa'idojinsa a ƙasar Sifen zuwa kusan yadda suke a yau.

Allon yana da gida 64, takwas a tsaye takwas a kwance. Layukan tsaye ana kiransu da baƙaƙe daga a zuwa h, sahun kwance kuma da lambobi daga 1 zuwa 8, saboda haka kowane gida yana da sunansa, kamar e4 ko g6. Ɓangarori biyu ne, Fari da Baƙi, kuma Fari ne yake farawa. Kowanne yana da mayaƙa 16: sarki, sarauniya, hasumiya biyu, giwa biyu, doki biyu da dakaru takwas. Hasumiya tana tafiya a miƙe, giwa a karkace, sarauniya ta haɗa tafiyar biyun. Doki yana tsalle ne, gida biyu a miƙe sannan ɗaya a gefe. Sarki gida ɗaya yake takawa ta kowace fuska. Dakare yana tafiya gaba kawai, amma a karkace yake ci. Manufar wasan ita ce a ritsa sarkin abokin hamayya ta yadda ba shi da mafita.

Masu koyarwa sukan ƙiyasta darajar mayaƙa da maki: dakare 1, doki 3, giwa 3, hasumiya 5, sarauniya 9. Ya kamata mai karatu ya riƙe waɗannan alƙaluma, domin wasan da ke tafe zai gwada su.

Wajen rubuta taku, a nan an yi amfani da Sk don sarki, Sr don sarauniya, H don hasumiya, G don giwa, D don doki. Dakare ba shi da harafi, sunan gidan da ya je kawai ake rubutawa. Alamar x tana nufin ci, alamar + tana nufin an kai wa sarki hari, O-O kuma killace sarki ne, wato taku na musamman da sarki yake shiga lungu hasumiya ta fito ta tsaya a gefensa. Littattafan Ingilishi suna amfani da K, Q, R, B da N a madadin waɗannan haruffa, bi da bi.

Dalilin da ya sa ake nazarin buɗi

Buɗin wasa shi ne taku goma zuwa goma sha biyar na farko, lokacin da kowane ɓangare yake fito da mayaƙansa daga sahun baya. Manufofinsa uku ne: a mallaki tsakiyar allo, a fito da dawaki da giwaye cikin hanzari, a kuma killace sarki kafin faɗa ya kaure. Nazarinsa tsohon abu ne. Tun a ƙarni na 9 da na 10 gwanayen Bagadaza irin su al-Adli da as-Suli suka rubuta tsare-tsaren farawa, waɗanda suke kira ta'biya, wato jeren runduna. A shekarar 1561 wani limamin kirista ɗan Sifen, Ruy López, ya wallafa littafin da har yau ake kiran wani shahararren buɗi da sunansa. A zamanin nan kuwa an kasa buɗe-buɗe zuwa rukuni 500, daga A00 zuwa E99.

Abin da ya sa ba makawa sai an yi wannan nazari shi ne lissafi. Fari yana da zaɓi 20 a takunsa na farko, Baƙi ma 20, ke nan hanyoyi 400 bayan kowa ya taka sau ɗaya. Bayan kowa ya taka sau biyu, hanyoyin sun zama 197,281. Bayan sau uku, sun haura miliyan 119. A shekarar 1950 masanin lissafi Claude Shannon ya ƙiyasta cewa idan a kowane matsayi akwai zaɓi kamar 30, wasa kuma ya kai taku 40, to yawan wasannin da za a iya bugawa ya kai lamba 1 mai sifiri 120 a bayanta. Don kwatanci, masana kimiyya suna ƙiyasta ƙwayoyin zarra da ke cikin duk sararin samaniyar da ake iya hange da lamba 1 mai sifiri 80 kacal.

Babu mutum ko na'urar da za ta iya ƙididdige wannan daji. Abin da gwanaye suke yi shi ne bin turbar da magabata suka share, suka gwada a dubban wasanni, suka gano inda rami yake. Ashe buɗin wasa tarin ilimi ne da aka gada, kamar yadda ɗalibin kimiyya ba ya sake gano dokokin Newton da kansa, sai dai ya koye su ya ɗora a kai.

Abokan karawa

An haifi Kasparov a shekarar 1963 a birnin Baku na Azarbaijan. Ya zama zakaran duniya a 1985 yana da shekara 22, bayan ya doke Anatoly Karpov. An san shi da zafin hari, an kuma san shi da zurfin shirin buɗi fiye da kowa a zamaninsa. Idan yana riƙe da Baƙi aka fara masa da e4, abin da ya saba mayarwa shi ne c5, wato Kariyar Sisiliya.

Ita kuwa Deep Blue ta samo asali ne daga aikin wasu ɗaliban Jami'ar Carnegie Mellon, musamman Feng-hsiung Hsu da Murray Campbell, waɗanda daga baya IBM ta ɗauka aiki. A watan Fabrairu na 1996 ta kara da Kasparov a birnin Philadelphia, ta ci wasan farko, amma ya rinjaye ta da maki 4 da 2. Aka koma aka inganta ta. Wadda ta dawo a 1997 tana da ƙananan na'urorin lissafi 480 da aka ƙera don ces kaɗai, kuma tana iya auna matsayi kusan miliyan 200 a daƙiƙa ɗaya.

Wannan adadi yana da ban tsoro, amma ɗan lissafi kaɗan zai nuna iyakarsa. A cikin minti uku na'urar za ta auna matsayi biliyan 36. Idan aka ninka 30 a kansa sau bakwai, ana samun kusan biliyan 22. Sau takwas kuwa ya haura biliyan 650. Ke nan da a ce na'urar tana bin kowane reshe, ba za ta hango abin da ya wuce ɗauka bakwai ba, wato huɗu nata, uku na abokin hamayya. Akwai dabarun lissafi na datse rassan da ba su da amfani, waɗanda suke kusan ninka wannan zurfi, amma duk da haka hangen yana da iyaka. Abin da ke bayan iyakar, na'urar ba ta ganinsa. Sai dai ta tsaya ta ƙirga mayaƙa da wasu alamomi ta yanke hukunci. Shi ya sa kwamfutocin wancan lokaci suka yi suna da rowa: ba sa son ba da mayaƙi sai sun ga inda za su karɓo shi.

Masu ƙera Deep Blue sun san wannan rauni. Saboda haka suka ɗauki gwanayen wasa, irin su Joel Benjamin na Amurka da Miguel Illescas na Sifen, suka shirya mata kundin buɗi mai matsayi kusan 4,000, suka kuma haɗa mata da taskar wasannin gwanaye 700,000. Muddin wasa yana cikin kundin, na'urar ba ta lissafi, karantowa kawai take yi.

Kasparov ya ci wasan farko na 1997. Deep Blue ta rama a na biyu, kuma washegari manazarta suka nuna cewa a matsayin da ya miƙa wuya akwai hanyar neman kunnen doki da bai gani ba. Abin ya dame shi ƙwarai. Wasa na uku da na huɗu da na biyar duk kunnen doki aka yi. A tsawon gasar ya riƙa kauce wa buɗe-buɗen da ya saba, yana zaɓar baƙin hanyoyi da nufin fitar da na'urar daga kundinta da wuri. Da wannan tunani, da gajiya ta kwanaki, ya shiga wasa na shida riƙe da Baƙi.

Wasan, taku bayan taku

Zai fi amfani mai karatu ya ajiye allo a gabansa.

1. e4 c6 2. d4 d5

Wannan ita ce Kariyar Caro-Kann, wadda ta samo sunanta daga Horatio Caro na Ingila da Marcus Kann na Ostiriya, 'yan wasan ƙarni na 19. Hikimarta ita ce dakaren c6 ya tokare wa na d5 baya, ta yadda Baƙi zai ƙalubalanci tsakiya ba tare da ya toshe wa giwarsa ta c8 hanya ba. An san ta da kauri da natsuwa. Kasparov ya buga ta yana yaro, amma ya daɗe da barinta. Makamin abokin hamayyarsa Karpov ce.

3. Dc3 dxe4 4. Dxe4 Dd7

An yi musayar dakare ɗaya da ɗaya. Baƙi yana son kai doki f6, amma yana tsoron Fari ya ci shi a tilasta masa ramawa da dakare, layin dakarunsa ya lalace. Saboda haka ya fara ajiye ɗaya dokin a d7 domin ya rama da shi. Sai dai komai yana da farashi: dokin d7 ya toshe giwar c8, ya kuma rage wa sarki wurin motsi.

5. Dg5 Dgf6 6. Gd3 e6 7. D1f3

Takun Fari na 5 ya saɓa wa nasihar da ake yi wa masu koyo, cewa kada a motsa mayaƙi ɗaya sau da yawa a buɗi. Amma yana da dalili. Dokin g5 yana kallon gidaje biyu masu rauni a kusa da sarkin Baƙi, wato f7 da e6, giwar d3 kuma tana kallon g6. A wannan gaɓa littattafan buɗi sun nuna cewa Baƙi ya fara fito da giwa zuwa d6. Bayan Fari ya sa sarauniya a e2, sai Baƙi ya kori dokin da h6, dokin kuma ya janye zuwa e4. An buga haka sau da yawa a manyan gasanni.

7. ... h6

Kasparov ya gabatar da takun da ya kamata ya biyo baya. Bambancin kamar ƙarami ne, amma ga abin da ya haifar. Gidan g6 yana da masu gadi biyu, dakaren f7 da dakaren h7. Da dakaren h7 ya matsa gaba, saura mai gadi ɗaya. Daɗin daɗawa giwar f8 tana nan a gida, ta toshe wa sarki hanyar gudu ta wannan gefe.

8. Dxe6

Nan take, ba tare da ɓata lokaci ba, Deep Blue ta ba da dokinta a kan dakare guda. Saurin amsar shi ne ya nuna wa kowa cewa takun daga kundi ya fito. Dokin yana barazana ga sarauniyar d8, don haka dole a yi wani abu. Idan dakaren f7 ya ci shi, mai gadin g6 na ƙarshe ya bar wurinsa, giwa ta faɗa g6 ta kai wa sarki hari, sarkin kuwa ba shi da gida sai e7, inda zai tsaya a gaban sarauniyarsa da giwarsa ya toshe su.

8. ... Sre7 9. O-O fxe6 10. Gg6+ Skd8 11. Gf4

Kasparov ya fara sa sarauniya a e7, ya turke dokin, domin idan dokin ya gusa sarkin Fari na e1 zai shiga hari. Fari ya killace sarkinsa, turken ya warware. Sarauniya ba za ta iya cin dokin ba, don hasumiya za ta zo e1 ta turke ta a gaban sarkinta. Dole dakare ya ci. Giwa ta faɗa g6, sarki ya koma d8, kuma tun da ya motsa ya rasa damar killacewa har ƙarshen wasa.

A nan ne ya dace a dakata a yi ƙidaya iri biyu. Ta fuskar maki, Fari ya ba da 3 ya karɓi 1, Baƙi yana gaba da maki 2. Ta fuskar aiki kuwa, giwayen Fari biyu da dokinsa suna fage, sarkinsa yana cikin aminci, hasumiyarsa tana dab da hawa layin e. A ɓangaren Baƙi, sarauniya ta toshe giwar f8, giwar ta toshe hasumiyar h8, doki ya toshe giwar c8, ita kuma ta toshe hasumiyar a8. Mayaƙa huɗu masu darajar maki 16 suna zaune a gida kamar 'yan kallo. Bahaushe ya ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma a kan allo yawan da ake ƙirgawa shi ne na waɗanda suka iso fagen fama.

11. ... b5 12. a4 Gb7 13. He1 Dd5 14. Gg3 Skc8

Daga taku na 11 na Baƙi ne wasan ya bar turbar da aka sani, Deep Blue ta fara lissafi da kanta. Nufin Kasparov shi ne ya kafa doki a d5, don haka ya tura dakare b5 domin ya hana dakaren Fari zuwa c4 ya kore shi. Na'urar ta mayar da martani da a4, tana neman buɗe layin a. Ƙa'idar a bayyane take: wanda mayaƙansa suka riga fitowa shi ke son a buɗe hanyoyi.

15. axb5 cxb5 16. Srd3 Gc6 17. Gf5

Layin a ya buɗe wa hasumiyar a1 ba tare da ta motsa ba. Sarauniya ta fito a karon farko, ta kai wa dakaren b5 hari, giwar Baƙi ta kare shi. Sai giwar Fari ta dawo f5. Yanzu dakaren e6 yana fuskantar mahara biyu, giwa da hasumiya, mai kare shi kuwa sarauniya ce kaɗai. Idan kuma dakaren ya ci giwar, ya buɗe layin da ke tsakanin hasumiyar e1 da sarauniyarsa.

17. ... exf5 18. Hxe7 Gxe7 19. c4

Kasparov ya zaɓi ya ba da sarauniya ya karɓi giwa da hasumiya. Sai dakaren c ya taka gidan nan na c4 da aka yi ta ƙoƙarin hana shi, ya kai hari ga dokin d5 da dakaren b5 a lokaci guda. Idan Baƙi ya ci shi da dakaren b5, sarauniya za ta rama a c4 tana kallon giwar c6. Idan sarki ya matso b7 don ya kare giwar, sarauniya ta je a6, hasumiya tana bayanta, giwar g3 ta tsare c7 da b8, sarki ya ritsu. Sauran hanyoyin ma asara ce. Kasparov ya miƙa wuya.

Wanda ya ƙirga mayaƙan da suka rage zai sha mamaki. Fari yana da maki 26, Baƙi yana da 27. Wanda ya sha kaye shi ne yake gaba a ƙidaya. Hasumiyoyinsa biyu ba su motsa ko sau ɗaya ba tun farkon wasa, giwar f8 kuwa sai a taku na 18 ta fara fita.

Mantuwa ce ko caca?

A ranar, masu sharhi da yawa sun ɗauka Kasparov ya rikita jerin takun ne, ya sa h6 kafin Gd6, saboda gajiya da kuma rashin sabo da buɗin. Shi kuwa daga baya, har a littafin da ya wallafa a 2017 kan wannan gasa, ya bayyana cewa da gangan ya yi. Ya san sadaukarwar dokin, domin an riga an buga ta a gasanni tun kafin 1997. Lissafinsa shi ne kwamfuta, saboda rowarta, ba za ta ba da doki a kan ribar da ba za ta bayyana ba sai bayan taku tara ko goma, nesa da iyakar hangenta. Da ta janye dokin, da ya sami wasa mai sauƙi. Abin da ya ɓata lissafin shi ne gwanayen da ke aiki da IBM sun riga sun shigar da takun cikin kundi.

Ko wanne bayani aka ɗauka, darasin yana nan. Idan mantuwa ce, ta nuna haɗarin haddace jerin taku ba tare da riƙe dalilin kowanne ba, musamman a buɗin da mutum bai zauna a cikinsa ba. Idan caca ce, ta nuna haɗarin zaɓar takun da aka san ba shi da inganci bisa zaton abokin hamayya ba zai gane ba. Haka kuma wasan ya nuna cewa bugun da ya kayar da zakaran duniya ilimin 'yan'adam ne da aka tara shekara da shekaru aka ɗura wa na'ura. Nata aikin shi ne ƙarasawa, kuma ta ƙarasa ba tare da kuskure ba.

Yadda ɗalibi zai nazarci wasa

A shekarar 1946 masanin halayyar ɗan'adam Adriaan de Groot na ƙasar Holan ya wallafa bincikensa a kan tunanin 'yan wasan ces. Ya gano cewa manyan gwanaye ba su fi matsakaitan 'yan wasa zurfin lissafi da yawa ba. Abin da suka fi su shi ne saurin gane takun da ya cancanci a duba. A 1973 William Chase da Herbert Simon suka ɗora a kai. Sun nuna wa mutane allo na daƙiƙa biyar, sannan suka ce su sake jera shi da ka. Idan matsayin daga wasa na gaskiya ne, gwani yakan tsere wa mai koyo nesa ba kusa ba. Idan kuwa an watsa mayaƙan ne barkatai, sai fifikon ya kusa ɓacewa. Ashe gwani yana ganin siffofi ne masu ma'ana, kamar yadda mai karatu yake ganin kalma ba ɗaiɗaikun haruffa ba.

Wannan ya nuna hanyar da ta dace a bi. Da farko ɗalibi ya buga wasan gaba ɗaya a kan allo, ya ga yadda ya gudana. Sannan ya koma farko, ya rufe takun da ke tafe da takarda, ya rubuta abin da shi zai taka da dalilinsa, kafin ya buɗe ya kwatanta. A kowane taku ya tambayi kansa abu biyu: me wannan taku ya kama, me kuma ya saki? Tambayar nan kaɗai ta isa ta tona aibin h6, domin ya kama g5 amma ya saki g6. Bayan haka ya nemi gaɓar da wasan ya juya, ya gwada wasu hanyoyin. Misali, manazarta da yawa suna ganin da Kasparov ya ci dokin tun a taku na 8 ya yarda sarkinsa ya tsaya a e7, da ya fi samun damar jurewa. Malami zai iya raba aji gida biyu, a jera wannan matsayi, a buga shi sau da dama, a rubuta sakamako. Sai an gama duk wannan ne ya kamata a tuntuɓi littafi ko manhajar kwamfuta. Wanda ya fara da tambayar na'ura ya sami amsa, amma bai sami horo ba.

Wannan tsari shi ne dai na ɗakin gwaji: lura, hasashe, gwaji, sannan gyara hasashe.

Kammalawa

IBM ba ta amince da karawa ta uku ba, aka kuma ajiye Deep Blue. Ɓangarorinta suna gidajen tarihi a Amurka. Kasparov ya ci gaba da riƙe kambinsa har shekarar 2000, lokacin da Vladimir Kramnik ya karɓe shi a birnin Landan. A can ma buɗi ne ya yi aiki, domin Kramnik ya farfaɗo da wata tsohuwar hanya mai suna Kariyar Balin, Kasparov ya kasa fasa ta, har gasar ta ƙare bai ci ko wasa ɗaya ba. Ya yi ritaya daga manyan gasanni a 2005.

A yau manhajar ces da ke cikin wayar hannu ta fi Deep Blue ƙarfi, kuma a 2017 wata manhaja mai suna AlphaZero ta koyi wasan ta hanyar karawa da kanta, ba tare da kundin buɗi ba, ta kuma sake gano yawancin buɗe-buɗen da mutane suka shafe ƙarnoni suna tacewa. Duk da haka wasa na shida na 1997 bai daina amfani a aji ba. Gajere ne, taku 19 kacal, ana iya bin sa a darasi ɗaya, kuma yana ɗauke da dukkan ƙa'idojin buɗi guda uku tare da sakamakon saɓa musu. Ɗalibin da ya jera matsayin taku na 7, ya mayar da dakaren h6 zuwa h7, ya fito da giwa d6, sannan ya gwada sadaukar da dokin ya ga yadda dakaren h7 zai cinye giwa a g6, ya fahimci abin da ya raba wasan da aka ci da wanda da an tsira.